MUTUMIN RUWA A IDON BAHAUSHEN TUDU: TSAKANIN ZATO DA GASKIYAR AL'AMARI, MISALI DAGA DUTSIN-MA DA KURFI

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya dubi kan wannan takarda yana iya tambaya, shin ina ruwan mutumin Dutsin-Ma ko na Kurfi da maganar teku, alhali kuwa tsakaninsa da bakin teku akwai tafiyar wajen kilomita 1,000? Tambayar tana bisa hanya, saboda haka ya kamata mu fara da faɗin abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu.

A 'yan shekarun nan, a wani ƙauye da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, wani saurayi ya nemi auren 'yar maƙwabtansu. An san asalinsa, an san iyayensa, ba a kuma taɓa kama shi da wani abin kunya ba. Amma da magana ta kai ga waliyyan yarinyar sai suka ce a dakata. Dalilinsu shi ne yaron sojan ruwa ne, mutumin ruwa kuwa, in ji su, ba shi da gida, ba shi da salla, kuma kowace tasha jirgi ya tsaya yana da wata. Babu ɗaya daga cikin dattawan nan da ya taɓa ganin teku, balle ya san yadda ake rayuwa a cikin jirgi. Duk da haka sun yanke hukunci, hukuncin kuma ya tsaya. Mun sha jin irin wannan magana daga bakin ɗalibanmu, musamman waɗanda suka yi sha'awar neman aikin ruwa iyayensu suka taka musu birki.

Manufarmu a nan ita ce mu bayyana irin kallon da Bahaushen tudu yake yi wa mutumin ruwa, mu binciki tushensa, sa'an nan mu auna shi da yadda aikin yake a zahiri. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa sana'ar ruwa tana cikin sana'o'in da suka fi kowace dogara ga horo da riƙon amana, kuma jahiltar wannan yana jawo mana asara iri biyu: muna rufe wa matasanmu ƙofar abinci, muna kuma yi wa ƙa'idojin ruwa riƙon sakainar kashi a kan madatsunmu na gida.

Idan muka ce "mutumin ruwa" muna nufin rukuni uku waɗanda jama'a sukan yi wa kuɗin goro: sojan ruwa, da ma'aikacin jirgin dakon kaya na teku, da kuma mai fito ko masunci da ke aiki da kwalekwale a kogi ko tafki.

2.0 BAHAUSHE DA JIRGIN RUWA A TARIHI

Ba daidai ba ne a ce Bahaushe baƙo ne ga ruwa. A ƙasashen Kabi da Yawuri akwai Sarkawa, waɗanda su da fito su ne sana'arsu ta gado, da sarautunsu irin su Sarkin Ruwa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, shaida ce ta wannan gado. Haka kuma tun ƙarnoni da suka wuce maniyyata daga ƙasar Hausa suke ratsa Sudan a ƙasa, su shiga jirgi a Sawakin, su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda.

Ko tekun ma Hausawa sun hau. Dorugu, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, ya bi Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, zuwa Turai a 1855, labarinsa kuma ya fito a littafin Magana Hausa na J. F. Schön a 1885. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi aikin hajji a 1921, ya bi ta Ingila a jirgin ruwa. Fatake irin su Alhasan Ɗantata sun gane tun farkon ƙarni na 20 cewa ɗora goro a jirgi daga gaɓar ƙasar Gana ta yau zuwa Ikko ya fi dako a ƙasa sauri da sauƙi. A Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, dubban samarin Arewa da ke cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma an kwashe su ne a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga Bama.

Sai dai akwai abin lura a cikin wannan jeri. In ban da Sarkawa da makamantansu, a duk sauran misalan Bahaushe fasinja ne. Waɗanda suka yi aikin jiragen kamfanonin Turawa, irin su Elder Dempster, akasari Kuru ne na Laberiya da Saliyo, sa'an nan daga baya mutanen gaɓar tekun Nijeriya. Fasinja kuwa abin da ya sani game da jirgi shi ne jiri da amai da ɗokin sauka. Bai san wanda ya kwana a tsaye don shi ya yi barci ba. Ke nan abin da ya iso ƙasar Katsina game da ma'aikatan jirgi ya zo ne ta hanyar ji, alhali Hausawa da kansu sun ce gani ya kori ji.

3.0 IRE-IREN ZATON DA AKE YI

Daga hirarrakin da mukan ji a majalisu da wuraren ɗaurin aure a wannan yanki, ana iya kasa zaton da ake yi wa mutumin ruwa gida huɗu.

Na farko, ana ɗaukarsa mashayi, wai sanyin teku da kaɗaici ba su barin mutum sai da kwalba. Na biyu, ana ganin ba shi iya riƙe iyali, domin yana yin wata da watanni ba ya gida, kuma ana zargin yana da mata a kowace tasha. Na uku, ana cewa almubazzari ne, kuɗinsa kamar ruwan da yake bi ne, yadda suka zo haka suke wucewa. Na huɗu, ana shakkar addininsa. A nan ne aka haɗa na teku da na kogi: na teku wai bai san alƙibla ba balle lokacin salla, na kogi kuwa wai ba ya shiga ruwa sai ya yi yarjejeniya da mutanen ɓoye da ke cikinsa.

Idan muka tattara waɗannan guda huɗu za mu ga duk suna komawa ga abu guda, watau an ɗauki mutumin ruwa a matsayin wanda ya fita daga ƙarƙashin ido da tsawatawar jama'a, ya zama ba mai ce masa bari. A taƙaice dai an sa shi cikin sahun 'yan bariki.

4.0 TUSHEN ZATON

Ba za mu ce zaton nan ya faɗo daga sama ba ne. Muna ganin yana da saiwa aƙalla uku.

Saiwa ta farko baƙuwa ce, daga Turai ta zo. A zamanin jiragen da iska ke turawa, rundunar ruwan Ingila takan kama mutane da ƙarfi a mashaya da titunan garuruwan gaɓa ta cusa su aikin jirgi, kuma ta daɗe tana raba wa ma'aikatanta barasa kullum a matsayin wani ɓangare na abincinsu. Ba a daina wannan rabo ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970, ko da yake Amurka ta haramta giya a jiragen yaƙinta tun 1914. Mutumin da ya yi shekara a kan ruwa, aka ba shi albashinsa a dunƙule ranar da ya sauka, ba abin mamaki ba ne a gan shi yana ɓarna a kwana biyu ko uku na hutunsa. Mutanen gari kuwa waɗannan kwanakin kaɗai suke gani. Daga nan siffar ta shiga labarai da wasannin kwaikwayo da majigi, har ta iso gare mu, mu da ba mu san mafarinta ba.

Saiwa ta biyu ta gida ce, ita ce yadda Bahaushe yake kallon duk wanda ya yi nisa da gida ba tare da iyalinsa ba. Ba mutumin ruwa kaɗai wannan ya shafa ba. Direban babbar mota, da soja, da ɗan ci-rani da ya daɗe a kurmi, duk sun sha irin wannan zargi. A tunanin mutanenmu kunya ita ce linzamin ɗan Adam, kunya kuwa sai a inda aka san ka. Saboda haka wanda ya je inda ba a san shi ba, ana ɗauka linzamin ya fita daga bakinsa.

Saiwa ta uku ita ce tsoron ruwa. Ƙasarmu ta tudu ce, koguna irin su Karaɗuwa da Bunsuru da damina suke cika, da rani su koma yashi. Yawancinmu ba mu iya iyo ba. A al'adun gargajiya kuma ruwa mai zurfi mazaunin iskoki ne. To, wanda bai iya abu ba, in ya ga wani yana yin sa cikin sauƙi, ya fi masa daɗi ya ce asiri ne da ya yarda cewa koyo ne da naci.

5.0 YADDA AIKIN YAKE A ZAHIRI

A laccar da ya gabatar, wadda aka buga a 1974 da sunan Mutumin Kirkii, A. H. M. Kirk-Greene ya tattaro halayen da Hausawa suke auna nagartar mutum da su. Daga cikinsu akwai amana, da haƙuri, da ladabi, da hankali. Za mu ɗauki waɗannan huɗu mu auna rayuwar jirgi da su, don kada a ce mun aro mudun wasu.

5.1 Ladabi da biyayya

Jirgin ruwa ba ya da shugaba biyu. Kyaftin shi ne mai magana ta ƙarshe, a ƙarƙashinsa akwai mataimaka a sashen tuƙi, da babban injiniya da nasa mataimakan a sashen inji, har zuwa kan masu goge daɓe da masu dafa abinci. Kowa ya san wanda yake karɓar umurni daga gare shi. Idan aka ba matuƙi umurni, ƙa'ida ce ya maimaita shi da baki kafin ya aikata, sa'an nan ya sanar idan ya gama, don kada a sami kuskuren ji. Wannan ya fi abin da ake nema daga yaron shago ko ɗan koyon ƙira tsanani. Dalili kuwa shi ne, a tudu in yaro ya ƙi jin magana kaya ne za su lalace, a teku kuwa rayuka ne.

Ba kuma a shiga aikin da ka. Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, watau IMO, ta kafa yarjejeniyar horar da ma'aikatan jirgi da ba su takardar shaida a 1978, wadda aka fi sani da STCW, aka yi mata manyan gyare-gyare a 1995 da 2010. A ƙarƙashinta ba mai hawa jirgin kasuwanci ya yi aiki sai ya koyi kashe gobara, da taimakon farko, da dabarun tsira a ruwa, likita kuma ya tabbatar da lafiyarsa. A Nijeriya makarantar koyon aikin teku da ke Oron a Jihar Akwa Ibom ita ce ta fi daɗewa a wannan fage. Kuratan sojan ruwa kuwa ana horar da su a Onne ta Jihar Ribas, hafsoshi kuma suna bi ta makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1964.

5.2 Hankali

Jirgi ba ya kwana. A yawancin jiragen dakon kaya an raba yini da dare kashi-kashi: jami'i ya yi awa 4 a ɗakin tuƙi, ya sauka na awa 8, ya sake hawa. Wanda gadinsa ya faɗo daga ƙarfe 12 na dare zuwa 4 na asuba haka zai yi ta yi kullum har tafiya ta ƙare. A cikin waɗannan awoyi shi ne idon kowa. Zai duba na'urorin hangen nesa, ya tabbatar da inda jirgi yake a taswira, ya kiyaye dokokin kauce wa karo na 1972, ya kuma rubuta duk abin da ya faru a littafin jirgi, wanda kotu takan karɓa a matsayin shaida. Babban jirgi mai lodi ba ya tsayawa nan take kamar mota. Yana iya cin kilomita da dama kafin ya tsaya cik, saboda haka gyangyaɗin minti kaɗan ya isa ya jawo bala'i.

A nan ne zaton shaye-shaye yake rushewa. Gyaran da aka yi wa STCW a Manila a 2010 ya ƙayyade cewa barasar da ke cikin jinin mai aiki kada ta wuce kashi 0.05 cikin 100, kamfanoni da yawa kuma, musamman masu dakon man fetur, sun hana ta ɗungurungum, suna kuma yin gwajin ba-zata. Wanda aka kama yana iya rasa aikinsa da takardar shaidarsa gaba ɗaya. Game da sanin lokaci da alƙibla kuwa, babu mai sana'ar da ya kai matuƙin jirgi sanin inda gabas take. Tun a ƙarni na 15 Ahmad bin Majid, shahararren matuƙin nan Balarabe, ya rubuta littattafai a kan gane hanya da taurari da iskoki. Wanda aikinsa ke nan, in ya bar salla, to, ba jirgi ne ya hana shi ba.

5.3 Haƙuri

Ma'aikacin jirgin dakon kaya yakan yi wata shida zuwa tara bai taka gida ba. Yana zaune da mutum 20 ko ƙasa da haka, sau da yawa 'yan ƙasashe daban-daban, a wuri ɗaya da ba shi da ƙofar fita. In sun saɓa da wani, gobe da shi zai ci abinci, da shi kuma zai yi aiki. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, Nijeriya kuma ta amince da ita a wannan shekarar, ta tanadi hutun aƙalla awa 10 a kowane awa 24, da awa 77 a mako. Da ba a saba wuce gona da iri wajen sa su aiki ba, da ba a bukaci irin wannan doka ba. Batun shagali a kowace tasha kuwa, zamani ya wuce da shi. Jirgin kwantena yakan sauke kaya ya ɗauki wasu cikin yini guda ko biyu, ma'aikata da yawa ba su ko samun sukunin taka ƙasa.

Annobar korona ta fito da wannan fili. A 2020, da ƙasashe suka rufe iyakokinsu, hukumar IMO ta bayyana cewa kimanin ma'aikata 400,000 sun maƙale a jiragensu bayan wa'adin aikinsu ya ƙare, wasu sun haura shekara. Duk da haka ba su ajiye aiki ba, abinci da magani da mai suka ci gaba da isa ƙasashe. A wannan shekarar ce kuma 'yan fashin teku suka sace ma'aikata 130 a mashigin tekun Gini, watau a ƙofar gidanmu.

5.4 Amana

Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya, idan aka auna da nauyi, ta teku suke bi. Babur ɗin da ɗan acaɓa yake hawa a Dutsin-Ma, da injin ban-ruwa da manomin rani yake jawo ruwa da shi, da wayar da ke aljihun ɗalibi, kusan dukkansu sai da wasu mutane ƙalilan suka yi gadinsu dare da rana a kan ruwa kafin su iso. Mai kayan bai san su ba, su ma ba su san shi ba. Wannan ita ce amana tsantsa, domin babu idon mai kaya a kai.

Amanar rai ta fi ta kaya. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 aka kafa yarjejeniyar kare rayuka a teku a 1914, wadda ake aiki da ita yanzu kuwa ta 1974 ce. Ita ce ta wajabta wa kowane ma'aikaci shiga atisayen kashe gobara da na barin jirgi aƙalla sau ɗaya a wata. Kowane jirgi yana da layi a jikinsa wanda in ruwa ya haura shi, to, lodi ya wuce ƙa'ida, ba a barin sa ya tashi. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 kuma ta ɗora wa kyaftin nauyin ceton duk wanda ya tarar cikin haɗari a ruwa, ko wane ne shi, muddin hakan ba zai halaka nasa jirgin ba.

Ba mu ce duk mutanen ruwa salihai ne ba. Akwai masu fasa-ƙwauri, akwai masu hannu a satar ɗanyen mai, akwai kuma waɗanda suka yi watsi da iyalinsu. Amma a dubi yadda sana'ar take yi da wanda ya ci amanarta. Da jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a watan Janairu na 2012, mutum 32 suka mutu, kyaftin ɗinsa, Francesco Schettino, ya fice kafin a gama kwashe fasinjoji. Kotu ta ɗaure shi shekara 16, sunansa kuma ya zama abin kunya a tsakanin matuƙa. Wake ɗaya yana ɓata gari, gaskiya ne, amma ba a cewa duk garin wake ne.

6.0 DARASI GA RUWANMU NA GIDA

Mai sauraro zai iya cewa duk wannan labarin nesa ne. To, bari mu dawo gida. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa a 1983, ƙasar Dutsin-Ma ta sami babban tafki wanda kakanninmu ba su san irinsa ba. Su ya zama sana'a, kwalekwale ya zama abin hawa ga wasu ƙauyukan da ke kewaye. Watau mun wayi gari muna da ruwa, amma ba mu gaji tarbiyyar ruwa ba.

A inda aka gaji sana'ar, akwai dokoki. Sarkin Ruwa shi ke faɗin lokacin da za a shiga da lokacin da za a bari. A Argungu an hana su a Matan Fada sai lokacin biki, don kifi ya hayayyafa. Gogaggen mai fito ya san yawan mutanen da jirginsa zai ɗauka, yana duban hadari kafin ya tashi, ba ya yarda fasinja ya miƙe tsaye a tsakiyar ruwa, kuma in ya ce ba za a tafi ba, ba a tafiya. Abin da jahili yake kira asiri, yawancinsa wannan ne: sanin ruwa da tsayawa a kan doka. Ashe ke nan tsakanin kyaftin na teku da mai fito na ƙwarai bambancin girman jirgi ne kawai.

Idan aka saki wannan horo, sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse a kogin Kwara kusa da Warra a Jihar Kabi ɗauke da mutane fiye da 100, kaɗan ne suka tsira. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar wani ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai a Jihar Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Mayu na 2022, lokacin bikin ƙaramar Salla, yara da dama sun rasu a irin wannan haɗari a ƙasar Mai'aduwa, a nan Jihar Katsina. A watan Yuni na 2023 kuma fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. Dalilan da ake ta ambatawa a irin waɗannan haɗurra ba su canzawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, da rashin rigar hana nutsewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta sha yin gargaɗi a kan waɗannan abubuwa.

Abin da muke so a lura da shi shi ne, sau da yawa fasinjoji ne da kansu suke matsa wa mai jirgi ya ƙara mutum ɗaya, ya ƙara buhu ɗaya, ya tashi ko da magariba ta yi. Suna yin haka ne domin ba su ɗauke shi a matsayin mai ilmi da ikon cewa a'a ba. Al'ummar da ta raina mai sana'a ba za ta ji maganarsa ba ranar da jin maganar zai cece ta. A nan ne mummunan zato yake tashi daga maganar fatar baki ya koma sanadin asarar rai. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

7.0 ASARAR DA MATASANMU SUKE YI

Rundunar sojan ruwan Nijeriya, wadda aka kafa a 1956, ta ƙasa ce baki ɗaya, kuma ana ɗaukar kurata daga kowace jiha. 'Yan Arewa sun riƙe ta har ƙololuwa: Murtala Nyako daga Adamawa ya shugabance ta daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo daga Kano kuma daga 2021 zuwa 2023. Mu a Katsina ma hafsan sojan ruwa, Emmanuel Acholonu, ya yi mana kantoma daga 1993 zuwa 1996. A ɓangaren kasuwanci, gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku a 2023, an kuma buɗe tashar tsandauri a Funtuwa a 2024, inda ake son kayan da aka sauke a bakin teku su riƙa isowa kai tsaye. Watau teku na matsowa kusa da mu ko mun so ko mun ƙi.

A daidai wannan lokaci ne kuma Dutsin-Ma, mai kwalejin ilmi da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, take yaye matasa kowace shekara, da yawansu ba su da abin yi, rashin tsaro kuma ya takura noma a ƙauyuka da dama na wannan yanki. Uban da ya hana ɗansa aikin ruwa don tsoron kada ya lalace, ya kamata ya tambayi kansa, wanne ya fi lalata yaro, shekarun horo a ƙarƙashin doka mai tsanani, ko kuwa zaman kashe wando a bakin tasha?

Akwai damuwa ɗaya ta iyaye da muke ganin tana da hujja, ita ce ta doguwar rabuwa da iyali. Wannan gaskiya ne, kuma nauyi ne a kan matar da aka bari da yara. Amma maganinsa shi ne a yi magana a fili tun kafin aure, a san tsawon tafiya da lokacin hutu da yadda za a riƙa aiko da abin masarufi, kamar yadda kakanninmu suka yi da fataken Gwanja waɗanda sukan yi wata da watanni a hanya, ba a kuma taɓa cewa fatauci aikin banza ne ba.

8.0 KAMMALAWA

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa kallon da ake yi wa mutumin ruwa a ƙasashen Dutsin-Ma da Kurfi ya ginu ne a kan tsohon labarin da aka aro daga Turai, da zargin da muke yi wa duk wanda ya yi nisa da gida, da kuma tsoron ruwa irin na mutumin tudu. Da muka auna aikin da mudun Bahaushe na ladabi da hankali da haƙuri da amana, mun ga waɗannan halaye su ne sharaɗin zama cikinsa.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, malaman da muke horarwa a kwalejojin ilmi su shigar da bayanin sana'o'in ruwa cikin darussan jagorancin ɗalibai, su kuma riƙa gayyatar 'yan yankin da suke aikin, in sun zo hutu, su yi wa yara bayani da bakinsu. Ta biyu, masu sarauta, tun daga 'Yanɗakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi har zuwa dagatai da masu unguwanni, su ƙarfafa hannun shugabannin masunta da masu fito, yadda in mai jirgi ya ce lodi ya isa, maganarsa za ta zama doka, a kuma wajabta rigar hana nutsewa a kowace mashiga. Ta uku, masu nazarin harshe da al'ada su hanzarta tattara kalmomi da ƙa'idojin su da fito daga bakin dattawan sana'ar, a Zobe da sauran wurare, tun kafin su tafi da su.

Game da saurayin da muka buɗe wannan takarda da labarinsa, abin da ya kamata waliyyan nan su yi shi ne abin da ake yi wa kowane mai neman aure: a binciki halinsa, a tambayi waɗanda suka zauna da shi. Da sun yi haka, kome suka yanke, sun yanke shi a kan sani.